Zuwa kallon kiɗa a filin shaƙatawa a Chicago: me ake shiga da shi, me ake tarewa a ƙofa?

Ƙanwar Gida: Assalamu alaikum jama'ar gida. Mu shida ne, manya huɗu da yara biyu, muna shirin zuwa kiɗan da ake yi kyauta a Millennium Park ranar Asabar. An ce mutum yana shiga da abincinsa da abin shansa, wasu ma har giya suke kaiwa. Don Allah waɗanda suka san kan abin su taimaka: wane abinci ne yake jure zaman, nawa za a yi, kuma me masu gadi suke hanawa? Na fi karkata ga dafa-duka da kaji da kunun aya.

Baban Yara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Farkon abin da za ki tantance shi ne wane taro ne ranar, don dokar tana bin taron ne, ba filin kaɗai ba. Dandalin sunansa Jay Pritzker Pavilion, an buɗe shi a 2004, yana da kujeru 4,000 a gaba, filin ciyawar da ke bayansu kuma yana ɗaukar mutum 7,000. Idan shirin Grant Park Music Festival ne, wanda ake yi daga Yuni zuwa Agusta tun 1935, to yawancin darare ana shiga da abinci da abin sha, har da giya ga wanda ya kai shekara 21. Amma a wasu manyan taruka, irin su bikin Blues, an hana shigo da giya daga waje, sai dai a saya a ciki. Babban bikin kiɗa na Lollapalooza kuwa, da ake yi a Grant Park ɗin da ke maƙwabtaka, ko ruwa ba a shiga da shi, gorar da babu komai ciki kawai ake bari, ka cika a famfon ciki. Saboda haka ki buɗe shafin taron da kansa kwana ɗaya kafin ranar, ki karanta jerin abubuwan da aka hana.

A ƙofa ana buɗe jaka ana buɗe kula. Wuƙar ƙarfe ba ta wucewa, don haka duk abin da ke buƙatar yanka a yanka shi a gida. Ba a shiga da murhun gashi, ba a kafa tanti ko rumfa, ba a kafa turke a ƙasa, domin ciyawar nan a kan rufin garejin motoci da layin dogo take. Girman kula ma yana da iyaka. Mai cin lita 25 zuwa 30 ta ishe ku.

Malamar Jinya: Ƙanwata, dafa-dukar nan ita ce ta fi damuna a cikin shirinki. Bari mu yi lissafi. Kiɗan Asabar yakan fara ƙarfe 7:30. Don ki samu wuri mai kyau sai kin isa wajen 5:30. Kin sauke tukunya ƙarfe 3, kin zuba a roba, an yi shiri, an shiga mota ko jirgi, an bi layi a ƙofa, an shimfiɗa tabarma, ba a buɗe abinci ba sai 7. Awa huɗu ke nan shinkafa tana zaune da ɗumi-ɗumi.

Ƙa'idar hukumar noma ta Amurka ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu tsakanin digiri 4 da digiri 60 na Salsiyas, wato 40 zuwa 140 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan. Idan zafin gari ya haura digiri 32, wato 90, awa ɗaya ce kawai. A tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suke ninkuwa da sauri. Shinkafa kuma tana da tata matsalar: akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da 'ya'yanta ba sa mutuwa da dahuwa. Da shinkafa ta huce ta zauna, sai su farfaɗo su zuba guba, gubar nan kuma sake ɗumamawa ba ya kashe ta. Amai yakan fara cikin awa ɗaya zuwa biyar. Ba wari, ba yauƙi, ba alamar komai a ido. Ga yara biyu a tafiyar, ni dai ban ba da shawara ba.

Hajiya Mai Girki: Malama, na yarda da lissafinki amma ban yarda a soke shinkafa gaba ɗaya ba. Mutanenmu ba sa jin sun ci abinci da biskit da cuku. Hanyar tana nan, sai dai a bi ta daidai.

A samu kular abinci mai ƙarfe a ciki da murfi mai datsewa sosai, ba robar ɗaukar abinci ba. A cika ta da tafasasshen ruwa, a rufe minti goma, a zubar. Nan take a kwashe shinkafar daga kan wuta tana tururi a zuba, a danna ta cika har baki, a rufe. Kula rabi-cike ba ta riƙe zafi, iskar da ke sama ita take sanyaya abincin. A naɗe ta da tawul, a sa ta a jakarta daban, nesa da ƙanƙara. Ba a buɗewa don dubawa, ba a ɗiba wa yaro a hanya. Buɗewa ɗaya ce, lokacin ci, kuma abin da ya rage bayan awa biyu da buɗewa a zubar, kada a dawo da shi gida. Kula mai kyau da aka yi wa haka takan riƙe abinci sama da digiri 60 na awa huɗu. Wanda yake shakka ya gwada tasa a gida da ma'aunin zafin abinci, ba shi da tsada.

Yawa kuwa, kofi uku na ɗanyar shinkafa ya ishi manya huɗu da yara biyu in akwai nama da wani abin taɓawa.

Malamar Jinya: Hajiya, in za a bi wannan tsarin dalla-dalla ba ni da ja. Abin da ake yawan gani shi ne a zuba a tiren foyil a rufe, a ce ai da zafinta. Tiren foyil ba ya awa ɗaya shinkafar ta sauko ƙasa da 60.

Mai Tsire: Ni shawarata a guji duk abin da ke buƙatar cokali da miya. Zaune ake a ƙasa, duhu yana shigowa, faranti a cinya, yara suna motsi. Abin da ake ɗauka da hannu shi ne daidai wurin.

Tsire ko gasasshiyar kaza: ɗanyen nama kilo ɗaya da rabi ga mutum shida, don gashi yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Kaza a tabbatar cikinta ya kai digiri 74. A gasa da safe ko daren Juma'a, a baza a faffaɗan tire ya huce da wuri, a sa a firji, a tafi da shi da sanyinsa a cikin kular ƙanƙara. Kuskuren da ake yi shi ne naɗe tsire da zafinsa a foyil tare da albasa da tumatir. Tururi yana jiƙa ƙuli-ƙulin ya koma taɓo, ruwan tumatir ya ƙara, kafin yamma ya fara canza ɗanɗano. Yaji a ƙaramar robarsa, albasa da kabeji a ledarsu mai zif, a haɗa lokacin ci.

Dambun nama shi ne sarkin irin wannan fita, in an soya shi ya bushe sosai ba ruwansa da ƙanƙara. Sai gurasa ko burodi, cincin, dublan, soyayyiyar gyaɗa, dabino. Alala tana daɗi da sanyi, amma a kula take zama har lokacin ci, musamman in da ƙwai ko kifi a ciki. Ƙosai da fanke ba sa jure rufi, suna yin laushi su sha mai. Masa tana tafiya, sai dai ba tare da miyar taushe ba, a ci da yaji ko zuma. Naman halal kuma yana nan a shagunan titin Devon, a ce wa mahaucin ya yanka shi falle-falle.

Hajiya Mai Girki: A ƙara da kwaɗon kabeji mai bama: in ba dole ba a bar shi. In za a yi, kabeji daban, bama daban a cikin ƙanƙara. Kankana da aka yanka ita ma abin firji ce, mutane suna ɗauka tunda 'ya'yan itace ce ba ta lalacewa.

Ƙanwar Gida: Na gode ƙwarai. To kunun aya fa, Hajiya?

Hajiya Mai Girki: Kunun aya ba ya son wasa, ƙanwata. Ba a dafa shi, ga zaƙin dabino, ga kwakwa, in ya ji ɗumi cikin 'yan awanni zai yi tsami ya fara yauƙi, gorar ta kumbura. In lallai ana so, a markaɗa shi da ruwa mai sanyi daren Juma'a, a tace, a ɗura a ƙananan goruna na rabin lita, a bar sarari kamar yatsu biyu a sama don ruwa yana kumbura in ya daskare, a jefa firiza. Ranar Asabar a ɗauko su a daskare. Za su yi aikin ƙanƙara a cikin kular, zuwa magariba sun narke rabi, a girgiza a sha. Wanda ya narke gaba ɗaya sanyinsa ya tafi, a haƙura da shi. Fura da nono ma haka, ko ma ta fi.

Zoɓo ya fi haƙuri saboda an tafasa shi kuma yana da tsami. Kofi biyu na busasshen zoɓo a ruwa lita uku, da citta da kanumfari, a tafasa minti 15 zuwa 20, a tace, a sa sukari da ɗuminsa, ya huce ya kwana a firji. Wanda bai samu a shagon 'yan Afirka ba ya je shagunan 'yan Meziko a Pilsen ya tambayi jamaica, shi ne dai zoɓonmu. Illarsa ɗaya, in ya zube a farin yadi ko bargo mai haske ya zauna. A ba yara a gora mai murfi, ba a kofi ba. Daga tsakiyar Agusta kuma rina tana yawa, tana bin zaƙi har cikin gwangwani, don haka duk abin sha a rufe shi bayan kowace kurɓa.

Kada zoɓo ya sa a manta da ruwa. Lita ɗaya ga kowane mutum, in rana ta yi zafi a ƙara.

Injiniya: Kan shirya kular kanta, ga yadda ake yi don sanyin ya kai dare. Kular da ta kwana a gareji mai zafi ita take fara cinye ƙanƙarar, don haka a shigo da ita ɗaki tun dare, a jefa mata gora biyu masu ƙanƙara ta yi sanyi. Komai ya shiga da sanyinsa daga firji, kula ba ta sanyaya abu mai ɗumi, riƙe sanyi kawai take yi. Ƙanƙara ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na cikin kular. Dunƙule ya fi ƙanana jimawa, shi ya sa gorunan ruwa da aka daskarar suka fi ledar ƙanƙarar kanti, ga shi ba sa jiƙa abinci, ga ruwan sha daga baya. A jera wasu a ƙasa, nama da alala a tsakiya cikin roba mai datsewa, a ɗora wasu a sama tunda sanyi ƙasa yake sauka. Sararin da ya rage a cusa tawul.

Babban abin da ke kashe sanyi shi ne buɗe-buɗe. Yara za su nemi abin sha sau goma kafin a fara kiɗa. A ware jaka mai riƙe sanyi ta abin sha kawai, kular abinci ta zauna a rufe. A mota kuma a sa ta inda na'urar sanyi take kaiwa, ba a but ba. A filin a lulluɓe ta da mayafi mai haske har rana ta faɗi.

Ƙasa ma tana da nata. Ana ban-ruwa ga ciyawar, raɓa kuma tana sauka da dare, bargo shi kaɗai zai jiƙe. A shimfiɗa leda mai kauri ko tabarmar roba tukuna, bargo a kai. Mita biyu da rabi a kowane gefe ya ishi mutum shida. Kowa ya riƙe rigar sanyi, iskar tafkin Michigan takan juyo da yamma gari ya yi sanyi farat ɗaya ko a Yuli ne.

Malam na Arewacin Birni: Jama'a, an yi ta bayanin kula da ƙanƙara, an tsallake abin da ya fi nauyi. 'Yar'uwa ta faɗa da bakinta cewa ana shan giya a wurin. Akwai hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagaya giya a kansa. Ya za a kwashi yara a kai su tsakiyar masu kwalabe?

Baban Yara: Allah ya saka da alheri Malam, tunatarwa ce a wurinta. Hukuncin zuwa ko rashin zuwa kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan iya bayarwa shi ne yadda wurin yake, don mai tambaya ya kai wa malaminsa hoto na gaskiya. Kowane iyali da shimfiɗarsa da abincinsa, ba tebur ɗaya ake haɗawa ba. Amma ba za a ɓoye ba, a daren da aka cika, maƙwabcinka na dama da na hagu suna iya buɗe kwalbar giya, tazarar ba ta fi taku biyu ba. Wanda ya yanke shawarar zuwa ya zaɓi gefen filin ko can baya inda masu kekunan jarirai suke taruwa, nesa da rumfunan sayar da abin sha. Sauti ba ya raguwa a baya, don an rataya lasifikoki a kan ragar ƙarfen da ta rufe filin duka.

Malam na Arewacin Birni: To aƙalla a faɗa wa mutane kada su ɗauki ta wani. Abokin aiki zai ce ga kwalbata sa min a kularka. Mai ɗaukar giya yana cikin waɗanda hadisi ya ambata, ba mai sha kaɗai ba.

Ɗan Jos: Malam, wannan gaskiya ne, kuma faɗin haka tun farko ya fi, mutanen nan suna girmama wanda ya ce ba ya sha kuma ba ya ɗauka. Ni Kirista ne, a cikin zauren nan kuma akwai masu sha, akwai masu fita da abokan aiki masu sha, don haka bari in faɗi ɓangaren doka, ya shafi kowa.

Izinin sha yana tsayawa ne a cikin harabar dandalin lokacin taro. Da ka fito titin Michigan da buɗaɗɗen gwangwani a hannu ka karya dokar birni. A jihar Illinois haramun ne a samu kwalbar giya da aka buɗe a inda mutane suke zama a mota, ko direba bai sha ba, ko ta fasinja ce. Rabin kwalbar da ta rage ko dai a zubar ko ta shiga but. Iyakar giya a jinin direba kashi 0.08 cikin ɗari ce, ɗan ƙasa da 21 kuwa ko ɗigo ba a yarda a samu a jikinsa yana tuƙi ba, wanda ya ba shi ma ya yi laifi. Kwalbar giyar inabi ta mililita 750 kofi biyar ce, mutum biyu suka raba ta a cikin zafi ba su ci abinci sosai ba, babu wanda ya cancanci riƙe sitiyari a cikinsu. Ɗalibai da masu bizar aiki su ji da kyau: kamun tuƙi cikin maye kaɗai yana iya sa a soke biza tun kafin a je kotu. Jirgin ƙasa yana nan, tashar Millennium tana ƙarƙashin filin, jiragen cikin gari suna tsayawa a Washington da Wabash.

Malamar Jinya: Yayana Ɗan Jos, ka tuna min abin da iyaye ya kamata su sani. Yanzu akwai gwangwanayen giya masu kama da lemo sak, da hoton mangwaro ko lemon tsami a jiki. Duk gwangwanin da aka rubuta hard a kansa, ko aka sa kaso cikin ɗari da haruffan ABV, giya ce. Maƙwabta a filin suna da kyauta, za su miƙo wa yaro abu da zuciya ɗaya. A koya wa yara su kawo wa babba ya duba. Farantin cuku da siraran nama da suke yawan kawowa galibi naman alade ne. Alewar roba da kek daga hannun wanda ba a sani ba kuma a bar su, tun Janairun 2020 aka halatta wiwi ga manya a jihar nan, ana kuma sa ta a cikin irin waɗannan.

Injiniya: Wani abu kan zoɓo a ƙofa: launinsa ɗaya da jar giya. A daren da aka hana giyar waje, mai gadi yana iya tsayar da gorar ya tambaya, wasu tarukan ma abin sha mai hatimin kamfani kawai suke karɓa. A zuba shi a gorar roba mai nuna ciki, a guji tsohuwar kwalbar gilashi. Gilashi ga nauyi, ga haɗarin fashewa inda yara suke yawo ba takalmi.

Anti ta Evanston: Masu son wurin da ya fi sakewa su duba Ravinia a Highland Park, kimanin kilomita 40 arewa da tsakiyar birni. Tun 1904 wurin yake, ƙungiyar makaɗa ta Chicago Symphony a can take yin bazara tun 1936. Can ana biyan kuɗin shiga, amma tikitin ciyawa ya fi araha, kuma ana shiga da abinci da abin sha, mutane har ƙananan tebura da kujeru suke kaiwa. Gashi dai an hana, haka gangar giya da dabbobin gida. A sani cewa daga yawancin ciyawar ba a hango dandali, ji kawai ake yi. Jirgin Metra na layin Union Pacific North yana tashi daga tashar Ogilvie ya sauke ka a bakin ƙofa. Bishiyoyi sun yi yawa, sauro ma haka, a tafi da maganin shafawa. Keken jan kaya mai naɗewa yana taimako sosai, kula cike da ƙanƙara ba abin ɗauka a hannu ba ce.

Wanda zai yi tafiya wani gari kada ya ɗauka dokar ɗaya ce. A filayen shaƙatawa na birnin New York an hana shan giya. A Hollywood Bowl na Los Angeles ana barin ta a dararen da masu wurin suka shirya, ana hana ta a dararen da wasu suka yi hayar dandalin.

Ƙanwar Gida: Allah ya saka wa kowa. Saura sallah. Magariba za ta same mu a can.

Malam na Arewacin Birni: A ƙarshen Yuni rana tana faɗuwa wajen 8:30, zuwa tsakiyar Agusta ta dawo wajen 7:50, wato kiɗan Asabar yana tsaka magariba take shiga. Ku fito da alwala daga gida ku yi la'asar kafin ku shiga, layin banɗaki yana tsawo. Alƙibla daga Chicago arewa maso gabas take, kusan digiri 49. Ku tafi da darduma daban wadda ba a ci abinci a kanta ba, ku fita daga cikin taron zuwa wuri mai tsabta, bibbiyu, wasu su tsare yara da kaya. Akwai masallacin Downtown Islamic Center a titin State, tafiyar ƙafa ce ta kusan minti goma.

Baban Yara: Abu biyu suka rage ƙanwata. A 2022 birnin ya kafa dokar cewa ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya zama a filin bayan ƙarfe 6 na yamma daga Alhamis zuwa Lahadi sai da babba, don haka in akwai matasa da za su biyo ku daga baya, ki duba wannan ma a shafin, su kuma riƙe katin shaida. Sannan ki duba hasashen yanayi da rana. Yayyafi ba ya tsayar da kiɗa, amma in aka ga walƙiya ana iya tashin mutane, saboda haka kayan su zama waɗanda za a iya tattarawa cikin minti biyar. Ki sa ledar shara biyu a jaka, ɗaya ta ƙashi da ragowar abinci, ɗaya ta goruna, da tishu mai danshi da ƙaramar tocila.

Hajiya Mai Girki: In kun dawo gida ki buɗe kular ki duba. In har akwai sauran ƙanƙara a gorunan kuma naman da sanyinsa, ya koma firji a ci washegari. In duk sun narke sanyin ruwan ya tafi, nama da alala da kunun aya a zubar, dambun nama da cincin ne kawai za a ajiye. Ki wanke kular a daren da ruwan ɗumi da sabulu, ki bar murfin a buɗe ta bushe.